Furar Gwaggo da awon jinina

A shekarun babban fari, lokacin da shanun Fulanin da ke gefen garinmu suka ƙare, kowa a ƙasar Gazawa ya rame, don haka ba wanda ya kula da tawa ramar. Ni da a da ake kira mai tumbi, sai ga wandona yana neman igiya biyu. Ina shan ruwa kamar raƙumi, ina zagayawa bayan gida ba iyaka, amma na ɗora wa yunwa laifin duka.

Uwargidana ce ta gano. Ta ce kiyashi sun bar kowane gida a unguwa sun tare inda nake tsugunawa.

"Garin da ko ƙwayar hatsi babu, mi suka gani wurinka?" in ji ta.

Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya ce alamar ciwon sukari ce, kuma yana makantarwa, yana kisa. Ya tura ni Maraɗi a auna jinina, da sharaɗi guda: in je da safe ban sa komai a baki ba. Na yi dariya. A wannan shekarar, ai kowa ya cika wannan sharaɗin.

Na manta da Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke Cadawa. Motar da ke isa Maraɗi da wuri daga can ake samunta, dole a gidanta nake kwana. Gwaggo kuwa ba a fita gidanta da safe sai an sha fura. A lokacin wadata kana iya cewa ka ƙoshi. A lokacin fari, ƙin sha tamkar ka ce mata ba ta da shi ne, kuma gara ka mare ta.

Da gari ya waye ta dire mini fura. Na ce, "Gwaggo, likita ya hana."

"Likitan shi ya yi maka goyo? Shanye, ɗan nema."

Na shanye. A Maraɗi mai awon jini ya tambaye ni ko na ci wani abu, na ce fura kawai, ai ba ci ba ne. Ya nuna mini ƙofa. Zuwa na biyu ma haka aka yi, har ya ce in ban shirya sanin ciwona ba, in ba masu so wuri. Na dawo gida ina ta faɗa, ga idona ya fara ganin hazo. Gaskiya na tsorata.

Uwargida ta bari na gama, sannan ta ce, "Ka tahi da azumi mana. Wa ka fushi da mai azumi?"

Ranar Alhamis na ɗaura niyya. Da safe Gwaggo ta fito da ƙwaryar da ta fi kowacce girma, an rufe da faifai, ta dire a gabana. Na ce ina azumi. Ta ce na nafila ai ana karya shi don uwa. Ta ce nono ne na gaske, ta ce ubana bai taɓa yi mata haka ba, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji irin furar da na ƙi. Na daure.

Da na miƙe, bakin rigata ya kwashe faifan. Ba komai a ƙwaryar sai ludayi.

Gwaggo ta ɗauki faifan ta mayar a hankali.

"Matarka ta aiko mini tun shekaranjiya za ka zo da azumi," ta ce. "Tahi, kada mota ta bar ka."

Sai a mota na fahimci cewa furar da na sha sau biyu ina ƙunƙuni, ita ce abincinta na yini. Na yi kuka, karen mota ya zaci mutuwa aka yi mini.

Awo ya nuna ciwon. Aka ba ni magani, aka ce in rage fura, in bar sukari, in riƙa dawowa awo. Tun daga nan duk zuwa nakan riƙo hatsin da aka hana ni in sauke a Cadawa. Gwaggo ta karɓa tana zagin likita, da safe kuma ta dire mini ƙwaryar nan a rufe. Ban ƙara ɗaga faifan ba.