Autata da Bututu Mai Komawa Gida

Autata ba ta son yin abu sau biyu. Tun tana ƙarama haka take. In uwarta ta aike ta shago, sai ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Inna, faɗi duka yanzu, ba zan koma ba." Igiyar takalminta ma ba ta kwancewa, tura ƙafa kawai take yi. Yayanta, mai tuƙin motar kaya, shi ya sa mata suna Gajeriyar Hanya, sunan kuwa ya bi ta har ta girma.

Ni karatuna bai yi nisa ba, gadi na yi har gwiwoyina suka ce sun gaji. Ita ce ta karanta ƙididdiga, ta samu aikin gwaji a ofishin wata ƙungiyar manoma. An ce in ta yi abin kirki a tabbatar da ita, in ba haka ba a nemi wani. Aikin farko da aka ɗora mata shi ne ta duba amfanin gonakin bara, ta faɗa ko sabon irin masara ya fi tsohon, don a san wanda za a sayo wa mutane.

Teburin falo ta mayar ofis. Nakan zauna gefe da kofin shayina ina kallon yatsunta. Wata rana ta juyo kwamfutar wajena.

"Baba, ka ga wannan 'yar alamar? Bututu muke ce mata. Bayanai su shiga ta nan, a tace su, su fita ta can, na asali kuma suna nan yadda suke. Wannan ɗayar kuwa ita ce ƙawata. In ta gama tacewa, sai ta juye abin cikin kwanon da ta ɗebo shi, na da ya tafi, sabon ya zauna. Ba sai na sake rubuta suna ba."

Yayanta yana kwance a kujera ya ce, "Wato ragwanci ma an yi masa alama."

"Kai dai ka je ka wanke motarka," in ji ta.

Da lissafi ya fito, sabon iri ya kusa ninka tsohon. Ta kira ogansu, ya yi murna ƙwarai, ya sa ranar taro da shugabannin manoma. Gidanmu ya cika da fara'a.

Ana gobe taro da hantsi, ta ce bari ta ƙara taswira don mutane su ga gonakinsu. Taswira ta fito, ɗigo-ɗigo sun jeru a gefen wani shuɗin zare. Na ce, "Kai, sun yi kyau, kamar tururuwa sun sami hanya." Na duba fuskarta na ga ta canja.

"Baba, zaren nan kogi ne. Ina gonakin tudu?"

Ta bi rubutunta layi-layi zuwa sama har ta samo wurin. Ashe tun farkon aikin ta so leƙa gonakin bakin kogi kaɗai, ta tace su da ƙawar tata. Bututun ya juye su cikin kwanon, gonakin tudu suka zube ba ta sani ba. Duk lissafin da ya biyo baya na masu ruwa ne. Ta sake ɗauko bayanan asali ta yi daga farko. A tudu, sabon irin bai kai tsohon ba.

Yayanta ya tashi zaune. "Ki gyara shiru. Ki ce sabbin bayanai ne suka iso."

"Yaya, babu abin da ya iso. Ni ce."

"To in sun kore ki fa?"

"Sai ka ɗauke ni yaron mota."

Ba wanda ya yi dariya. Ta tashi za ta je ofis ta faɗa wa ogan da kanta, na ce zan raka ta. Ta ce, "Baba, ba fa firamare ba ce." Amma da na ɗauko hulata ba ta hana ni ba. Yayanta ya kai mu.

Na zauna kan benci wajen mai gadin ofishin. Ta taga ina jin muryar ogan tana hawa. "Na riga na gaya wa mutane! Yanzu in ce musu me?" Tata muryar ba na jin ta sosai, amma ba ta tsaya ba. Can sai hayaniyar ta lafa, na ji ƙarar jan kujera. Suka daɗe.

Da suka fito, ogan ya gaishe ni da hannu biyu, fuskarsa ba walwala. Ya ce, "Baba, 'yarka ta zubar mini da rabin gonaki, ta kuma kwaso su da kanta. Gobe ita za ta tsaya gaban manoma ta yi bayani, ba ni ba. Masu kogi su karɓi sabo, masu tudu su riƙe nasu." Ya juya wajenta. "Teburinki na nan. Amma daga yau, kafin ki tace da bayan kin tace, ki duba gonaki nawa suka rage."

A hanyar gida yayanta ya kunna rediyo yana ta surutu. Ita tana zaune a gefena. Kafin mu kai shataletale na ji nauyin kanta a kafaɗata, ta yi barci. Na ce masa ya rage rediyon, ya kuma bi ramukan nan a hankali.