Fuskar Uwargidana a Damtsen Baƙo

A shekarar da annobar korona ta rufe duniya, ni ne babban direba a wani kamfanin gine-gine a Doha, dattijo mai furfura wanda ko kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ba ya ɗaga wa murya. Uwargidana tana gida Katsina, kuma tun ranar da aka kawo ta ɗakinta baƙon namiji bai taɓa ƙare wa fuskarta kallo ba. Cikin kullen koronar nan Allah ya karɓi abarsa. Jirage ba sa tashi, aka sallace ta aka binne ina zaune a ɗakina a Al Wukair. Abin da ya rage mini hoto ne guda, ɗan ƙarami, wanda ya soma dusashewa.

Ina da maƙwabci, magidanci daga Zangon Kumasi, mai rubuta allunan shaguna, wanda Allah ya hore wa zane. Na kai masa hoton, na roƙe shi ya fitar mini da shi babba a takarda, da baƙin fensir kaɗai, ya kewaye fuskar da ganyen lalle da na zogale irin waɗanda ta shuka a tsakar gida. Ya tambaye ni ko wace ce. Mu mutane ne da ba ma kama sunan matar fari, balle mu nuna ta mu ce tamu ce, saboda haka na ce masa wata baiwar Allah ce kawai. Ya yi aikin, har billen kumatunta bai bari ba, na sa masa albarka.

Da gasar ƙwallon duniya ta zo, gari ya cika da baƙi. Wata rana na shiga jirgin ƙasa a Mushairib, sai ga wani ƙato mai riga marar hannu ya kama ƙarfen sama dab da ni. A damtsensa na ga matata. An zana ta da allura, baƙi da toka-toka, jarfar nan ta Turawa da suke kira tatu, ganyen lalle ya gangaro har gwiwar hannu, gumi na bin goshinta. Na cafke hannunsa. Shi kuwa ya zaci yabawa nake, ya yi dariya, ya murɗa damtsen har fuskar ta yamutse, ya zaro waya wai mu ɗauki hoto tare.

Ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin maƙwabcin nan. Bai musa ba. Ya kira ni Baba, ya ce in yi haƙuri, sana'a ce yake yi a ɓoye, kuma baƙi sun fi son wannan zane saboda billen. Har ya ƙara da raha wai baiwar Allah ta zaga duniya ba biza. Da na gaya masa ko wace ce, sai ya durƙusa, ya ce da na faɗa tun farko da ya gwammace ya yanke hannunsa, amma ni da bakina na ce masa wata ce kawai. Na tambaye shi mutum nawa ya yi wa, ya sunkuyar da kai.

Na kama hanyar ofishin 'yan sanda, domin na san kora daga ƙasar ce hukuncinsa. A ƙofa na tsaya, da na tuna sai na ajiye hotonta a tebur, ya bi hannu-hannu, a tambaye ni sunanta a rubuta. Na juyo. Na sa ya goge zanen daga wayarsa a gabana, amma abin da ya shiga fata ya riga ya hau jirgi.

Ban yafe masa ba, domin ko fuskar baiwa ce ba hajarsa ba ce. Sai dai na gane kunyar da ta tsare mutuncin iyayenmu a garin da kowa ya san kowa ba ta tsare komai a ƙasar da ba a san mu ba. Ya ku dattawa 'yan'uwana da ke ci-rani, kada ku miƙa hoton iyalinku ga kowane hannu. In kuwa ya zama dole, aka tambaye ku wace ce, ku haɗiye kunya ku buɗe baki ku ce matata ce.