Takalmanmu a Ƙofar Fada

Ranar Laraba ce, cikin daminar da aka yi zaɓe, lokacin da sabulu da madara suka zama kayan gabas. Da sassafe na tallafi Inna, mahaifiyata, muka nufi ɗakin shan magani na bakin gari. Gyambo ne a ƙafarta. Ƙauyenmu yana tsakanin Kajiji da Shagari, kuma duk yankin babu mai wanke gyambo sai Fada Dogo.

Bature ne, limamin Katolika, ya tsufa a cikinmu. Kusan dukkanmu Musulmi ne, bai taɓa tambayar mara lafiya inda yake fuskanta in zai yi salla ba. Sakkwatanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Yana naɗa bandeji yana tsokanar Inna, wai ƙafar amarya ce, tana ce masa tsoho mara kunya. Tun satin da ya wuce mutanensa suka aiko mota daga Sakkwato, don an ji ƙishin-ƙishin za a zo a hukunta garuruwan da suka ƙi zaɓen wani. Ya mayar da motar. Ya ce Wanda ya aiko shi nan bai ce ya tashi ba.

Ƙarfe goma muka ji ƙugin akori-kura. Sai ihu. Sai ƙarar bindiga daga wajen kasuwa, hayaƙi ya tashi ta unguwarmu. Maza suna gona. Mata da tsofaffi da majinyata suka kwararo wajen Fada. Ya buɗe ɗakin ibadarsu, wanda ba mu taɓa leƙawa ba.

"Ku shiga! Kar wanda ya yi tari!"

Muka shiga. A nan muka yi abin da har gobe yake ci mini rai. Ɗakin ibada ne, kuma ɗakin babba ne. Kowa ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa. Babu wanda ya ce a yi, ƙafa ce ta saba. Ni da hannuna na cire wa Inna nata ɗaya, na ajiye gefe.

Muka lafe ƙarƙashin bencina. Fada ya durƙusa gaban gicciye da carbinsa, leɓɓansa na motsi. Ta ramin ƙyaure nake leƙe. Na ga mutanen sun zo da adduna da gorori, ɗaya da bindiga. Ba 'yan yankinmu ba ne. Sun duba ɗakin magani, ba kowa. Har sun juya. Sai na bayansu ya tsaya, ya nuna tulin takalma da bakin addarsa.

 Fada ma ya gani. Ya miƙe, ya nuna mana tagar baya, wadda ke kallon gonar dawa.

"Ku hita ta nan. Ku yi arewa. Ke, ɗauki tsohuwa."

Babur ɗinsa na jingine a bayan ɗakin, da mai a ciki. Ko kallonsa bai yi ba. Ya gyara farar rigarsa, ya fita, ya ja ƙyauren a bayansa.

Tagar ƙarama ce, mutum ɗai-ɗai take ɗauka. Muna cusa yara muna jin muryarsa a waje. Gaisuwa yake yi musu irin tamu, mai tsawo: gajiya, gida, iyali, ruwa. Suna daka masa tsawa ya kauce, yana ƙara wata. Na gane lokaci yake saya mana. Inna ce ta ƙarshe, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Ina janta na ji ya ɗaga murya.

"Baƙina na. Ba ni ba ku su."

Na ji duka. Na ji ya kira sunan Yesu. Na goya Inna, muka faɗa cikin dawa. Ba mu yi nisa ba bindiga ta tashi sau ɗaya. Bayan nan ban sake jin muryarsa ba.

Muka yi ta tafiya ba takalmi. Ƙaya da tsakuwa suka yi mana kaca-kaca. Da azahar ruwa ya sauko, muka ratsa fadama, laka har gwiwa. Inna ta ce in ajiye ta in tsira. Na ce ta yi mini shiru, ta yi nauyi ba sai ta ƙara da surutu ba. Kuka nake yi ina faɗa. Bayan la'asar wani mai amalanken shanu ya kwashe mu kusa da Danchadi. Rana na faɗuwa muka shiga Bodinga, aka sauke mu a zauren wani malami, matansa suka kawo fura da ruwan zafi.

Washegari maigidana ya iso daga ƙauye. Ya ce da suka dawo daga gona sun tarar da Fada kwance a bakin ƙofar, hannunsa riƙe da mariƙin ƙyaure. Maza suka lulluɓe shi da zane, suka zauna gadinsa har mutanensa suka zo.

Muka lissafa. Rumbuna sun ƙone, awaki sun tafi. Duk wanda ya shiga ɗakin nan ya fito, har Inna, wadda ta ƙara shekaru tana takawa da sanda. A rigimar ƙuri'a mutum ɗaya garinmu ya rasa. Shi kuwa ko ƙuri'ar ba shi da ita.