Fitilar da Malama Maijidda Ta Bar wa Tani

Ranar Litinin, 4 ga watan Nuwamba, 2024, muna tsaye a layin asambuli aka sanar da mu cewa Allah Ya karɓi ran Malama Maijidda Abdulmutalib a gidanta da ke Karaye, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Na Allah muke, kuma duk wurinSa za mu tattara. Ita ce malamarmu ta Fiziks da Kwamfuta, mu 'yan aji biyar, a makarantarmu ta 'yan mata da ke Rogo.

Mataimakin shugabar makaranta, Malam Lukumanu, shi ya yi sanarwar. Da ya gama sai ya ciro hankici ya goge idonsa. Ina layin gaba, na kuma duba da kyau, amma ban ga abin da ya goge ba. Tani, wadda take tsaye kusa da ni, ba ta san abin da aka faɗa ba, domin ba ta ji. Sai da ta ga bakina yana rawa ta ja hijabina. Ni na gaya mata, Malama. Na juya fuskata gare ta, na faɗi maganar a hankali yadda za ta karanta leɓena. Ta sa na maimaita.

Kin san ni ba mai magana ba ce. Sau da yawa kin ce mini, "Zakiyya, ɗaga murya, ba teburin ne ya yi miki tambaya ba." Har kika tafi ban iya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin an yi ta magana a kanki tun da kika rasu, kuma waɗanda suka fi kowa yawan maganar su ne waɗanda ba su taɓa buɗe miki ƙofa ba.

Tani 'yar Gwangwan ce. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana firamare. Tana karanta leɓe, tana kuma fin yawancinmu lissafi, amma ba ta jin ƙararrawa, ba ta jin wanda ya yi magana a bayanta. A jarrabawar zangon ƙarshe ta bara, mai tsaron jarrabawa ya tsaya daga can bayan ɗaki ya ce a ajiye biro. Kowa ya ajiye, Tani ta ci gaba da rubutu, kanta a sunkuye. Malam Lukumanu ya fizge takardarta ya zana mata sifili, ya ce satar lokaci ta yi. Ya san ba ta ji. Duk makarantar ta sani. Mahaifinta, Malam Ilu, ya ce idan aka sake yi mata haka to ta gama makaranta, ta zauna gida ta taya uwarta ɓarar gyaɗa. Ba mugun mutum ba ne. Gajiya ya yi da ganin 'yarsa tana dawowa da kuka.

Kin je ofis a kan maganar. Aka ce miki akwai makarantar irinsu a birni, a kai ta can. Kika dawo aji kika ci gaba da darasi. Bayan hutu sai ga ki da wata leda a jakarki. A ciki akwai ƙaramin allo bai kai tafin hannu ba, wanda kika ce sunansa maikurokantirola, muka kasa faɗa muka sa masa Ƙwaƙwalwa. Akwai 'yan wayoyi, da resista mai rage ƙarfin wuta, da wani ƙwan fitila na LED kamar ƙwayar gyaɗa mai ƙafa huɗu. Kika ce da waɗannan za mu yi wa Tani ƙararrawar da ake gani da ido.

Makarantarmu tana da ɗakin kwamfuta. Kwamfutocin suna lulluɓe da mayafi, mabuɗin yana aljihun Malam Lukumanu, ba a buɗe ɗakin sai manyan baƙi sun zo. Kin roƙi a ba mu shi, ya ce yara za su lalata kaya. Sai kika shimfiɗa mana tabarma a baranda lokacin tara, kika ɗora kwamfutarki ta hannu a kan cinya. Daga nan muna hango malaman da ke zaune ƙarƙashin mangwaro, su ma suna hango mu. Su ne suka sa miki Malama Mai Fitila. Wani ya ce kayan kwalliyar 'yan acaba kike koya mana. Wani ya ce mace da digiri ta ƙare a wasan wuta. Suna faɗa suna dariya, suna ɓarar dafaffiyar gyaɗa, ajinsu yana can babu malami.

Ranar da muka fara rubuta wa Ƙwaƙwalwa umarni a manhaja muka tura mata, ƙwan ya kama da haske mai kashe ido. Tani ta rufe fuska. Tun ciwon nan haske mai ƙarfi yana sa mata ciwon kai. Ni na tambaye ki, murya ƙasa-ƙasa, yadda za a rage shi, tunda allon abu biyu kawai ya sani, ko ya ba da wuta ko ya hana. Kika ce mu tuna lokacin da muke yara, mu zaro bakin wuta daga murhu mu wulwula shi, sai mu ga zoben wuta alhali garwashin guda ne. Ido ba ya iya bin abu mai sauri, in ji ki. Allon yana iya kunna ƙwan ya kashe sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, ido bai gane ba. Idan lokacin kunnawar ya fi tsawo sai a ga haske sosai, idan na kashewar ya rinjaya sai a ga ya dushe. Mu kuwa da lamba muke gaya masa, daga sifili zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar. Kika miƙa wa Tani kwamfutar, ta yi ta rage lambar tana kallo, har ta kai inda idonta ya huta. Ta gyaɗa kai. A nan kika bar shi, ko da yake mu mun fi son mai ƙyalli.

Sai maganar launi. A ƙafafun ƙwan, ɗaya ta ja ce, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, ta huɗun ita ce ta haɗa su. Kika tambaye mu abin da za a samu idan aka haɗa ja da kore. Duk muka ce ruwan ƙasa, domin mun gwada da fenti tun muna ƙananan aji. Kika ce a gwada. Tani ta ba wa ja lamba babba, ta ba wa kore wajen rabinta, ta bar shuɗi a sifili. Sai ga ruwan ɗorawa, tas, kamar an ɓare ɗorawar kanta. Ta kwashe da dariya mai ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryarsa, har mutanen ƙarƙashin mangwaro suka waiwayo. Ba ki ce ta yi shiru ba.

Daga nan kika koya mana umarnin da yake maimaita kansa, yana rage wa kore kaɗan yana ƙara wa ja kaɗan. Kika huda gwangwanin madara kika sa kayan a ciki da batir, kika rufe bakin da farar roba don hasken ya yi laushi. Idan aka danna maɓalli sai ta kama da kore. Lokaci na tafiya tana rikiɗa a hankali zuwa ruwan ɗorawa, idan tsawon darasi guda ya cika ta zama ja. Muka ajiye ta a tagar da ke kusa da Tani. Tun daga ranar ba a sake barin ta ita kaɗai a aji an fita ba, ba a kuma sake fizge mata littafi ba. Ja ya kama, ta ajiye biro ta miƙe tare da kowa.

Abu ɗaya ya rage, shi ne a bar fitilar ta shiga ɗakin jarrabawa. Malam Lukumanu ya ce ba ta cikin ƙa'ida, kuma za ta ɗauke wa sauran hankali. Kin koma masa ba sau ɗaya ba. Kina cikin wannan zirga-zirgar ciwo ya kwantar da ke.

Ba a yi sadakar bakwai ba Malam Lukumanu ya aiko aka ɗauke fitilar daga tagarmu. Aka kai ta ofis aka sa a cikin durowar gilashi, tsakanin kofunan gasar guje-guje. Abin da ya ce kayan 'yan acaba ne ya koma abin alfaharin makaranta. Tani ta koma kallon ƙafafun mutane don ta san an tashi. Jarrabawa tana matsowa.

Aka shirya miki taron addu'a, aka kafa rumfa, aka gayyato manya. Ana gobe taron Malam Lukumanu ya sa aka kira ni.

"Ke ce kike bin ta kamar jela," in ji shi. "Ki gyara abin nan ya riƙa walƙiya kala-kala, irin na gidan biki, baƙi su gani."

Na ce masa kwamfutar da ake rubuta umarnin ta koma Karaye cikin kayanki, ba za a iya canza komai ba sai da ita. Gaskiya na faɗa. Ya yi tsaki ya ce ko yaya ne dai ta kama, in danna ta da zarar ya miƙe zai yi jawabi.

Aka ɗora ta a babban tebur, a kan leshi. Liman ya yi addu'a mai kyau, gajera. Wakilin wani babba, wanda bai taɓa ganin fuskarki ba, ya ce rashinki ya hana shi barci. Sannan Malam Lukumanu ya miƙe, na danna maɓallin, ta kama da kore. Ya ce ke gwarzuwa ce. Ya ce shi ne ya fara gano baiwarki. Ya ce ya sakar miki ɗakin kwamfuta dare da rana. Ya nuna fitilar ya ce shi da ke kuka zauna kuka yi tunaninta. Mutanen ƙarƙashin mangwaro suna ta gyaɗa kai, ɗaya har da sharɓe. Ina zaune ina kallon yatsun ƙafata, ina jin kunyar da ya kamata a ce su ne suke ji. Da na ɗaga kai fitilar ta zama ruwan ɗorawa. Yana nan yana ba da labarin wahalar da ya sha a kan ilimin 'ya'ya mata. Tsawon darasi guda cur ya cinye. Sai ta zama ja.

Tani ba ta ji ko kalma ɗaya daga yabon ba. Fitilar take kallo tun da aka fara. Da ta ga ja, sai ta ɗauki jakarta ta miƙe, a zatonta an tashi. Ta tsaya ita kaɗai a gaban manya, tana dube-dube. Ta gefenta ta miƙe don kada ta ji kunya, sai ta gaba, sai duk ajinmu.

"Wa ya ce ku tashi?" in ji Malam Lukumanu a lasifika.

Mijinki, Malam Yusha'u, shi ya amsa. Ya nemi izini, ya miƙe a natse, ya ce, "Malam, ka yi musu haƙuri. Fitilar ce ta ce lokaci ya cika. A tsakar gidana aka huda gwangwanin nan, na san abin da ja yake nufi." Ya ce kin gaya masa kina kwance cewa kin ba wa Tani ita tun tuni, hannu da hannu. Ya juya ga Liman ya tambayi hukuncin. Liman ya ce kyautar da aka miƙa aka karɓa tun mai bayarwa yana da rai ta zama ta wanda aka ba, ba ta shiga gado, balle ta zama ta wani. Malam Yusha'u ya ɗauke ta daga kan leshin ya sa wa Tani a hannu. Sannan ya ce, "Tunda kuwa kai da marigayiya kuka yi tunaninta, ai ba sai an roƙe ka ta shiga ɗakin jarrabawa ba."

Malam Lukumanu ya dubi baƙin, baƙin suka dube shi. Ya ce, "Ai dama. Ai dama haka muka tsara." Aka yi ta cewa madalla. Hankicin yana hannunsa, wannan karon goshi ya goge da shi, kuma akwai abin gogewa.

Malama, an fara jarrabawa a makon nan. Malam Yusha'u ya ara mana kwamfutarki, muka ƙara wa umarnin lokaci ya yi daidai da tsawon takarda, ba mu taɓa lambar hasken da Tani ta zaɓa ba. Malam Ilu da kansa ya kawo ta a babur daga Gwangwan. Fitilar tana kan taga. Da ja ya kama, Tani ta ajiye biro kafin mai tsaro ya buɗe baki, ta miƙa takardarta da hannunta, babu wanda ya fizge. Da aka fito mahaifinta yana bakin ƙofar makaranta. Ya duba fuskarta, ya ga babu hawaye, ya ce ta hau, gobe ma da sassafe za su fito.

Allah Ya jiƙan ki, Malama Maijidda. Allah Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki Ya sanya haske a cikinsa. Allah Ya sa abin da kika koya mana a kan tabarmar baranda ya zama sadaka mai gudana gare ki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Yusha'u, da 'ya'yanki Nusaiba da Abdulmumini, Allah Ya raya su Ya albarkace su. Ina yi wa mahaifiyarki da dukan dangi na Karaye, Allah Ya ba su haƙurin jure wannan rashi. Ina yi wa 'yan ajinmu, ina kuma yi wa Tani, wadda ta roƙe ni in rubuta cewa tana yi miki addu'a bayan kowace salla. Masu hankici da masu zaman ƙarƙashin mangwaro kuwa ba su yi rashi ba, don haka ban yi musu ta'aziyya ba.

Zakiyya Sanusi, aji biyar, Rogo.