Makullin Ajin Malam Isyaku

Ranar Litinin, sha huɗu ga Agusta na shekarar 2000, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Isyaku Ɗan'azumi, malamin Turanci, a gidansa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, bayan jinyar ciwon ƙirji. Daga Allah ya zo, gare Shi ya koma, mu ma muna bisa hanya. An yi masa sutura bayan azahar, aka kai shi maƙabartar Tarauni. Ya bar matarsa, Inna Talatu, da 'ya'ya biyar, da ɗalibai waɗanda ba zan faɗi yawansu ba, domin ban ƙirga ba, shi kuwa bai taɓa yarda mutum ya faɗi adadin da bai ƙirga ba.

Na daɗe a aikin jarida, na kuma san yadda ake rubuta irin wannan: a yabi mamaci, a ba iyali haƙuri, a rufe sauran. Zan yabi mamaci, zan ba iyali haƙuri, amma ba zan rufe komai ba. An zalunci wannan dattijo. Wanda ya zalunce shi yana raye, kuma zan ambaci sunansa.

Malam ya koyar a sakandare har ya yi ritaya, amma ba da wannan aka san shi a unguwa ba. An san shi ne da Ajin La'asar. Ɗaki ne guda, mai rufin kwano, a bayan layin kafintoci. Mai unguwa na wancan lokaci ne ya nuna masa filin da baki, ɗalibai kuma suka yi gayya suka gina. Masu zuwa ajin ba yara ba ne. Direbobi ne, da masinjoji, da leburori, da masu buga tafireta, daga baya kuma 'yan acaɓa, mutanen da suka taso daga ƙauye suka tarar Turanci ya tsaya tsakaninsu da abinci. A nan ni ma na zauna kafin in san ƙofar gidan jarida.

Duk wanda ya zauna a ajin nan ba zai manta da farantin Malam ba. Kullum yakan shigo da farantin aya da kwalbar man gyaɗa, ya ajiye a kan tebur. Abin da ya fi damunsa a Turanci shi ne ƙananan kalmomin nan da ke shiga gaban suna, waɗanda mutanenmu ke yi wa kallon shara: a, an, the, some, any, da 'yan'uwansu. Yana kiransu masu sallama. Yakan ce suna a Turanci baƙo ne, ba ya faɗawa cikin jimla haka nan, sai an yi masa sallama, kuma sallamar ce ke gaya maka ko baƙon sananne ne, ko ɗaya ne, ko tawaga ce. Sai ya ɗaga faranti ya ce aya ana ƙirga ta, ya ɗaga kwalba ya ce mai sai dai a auna, don haka many ta aya ce, much ta mai. Wanda ya amsa daidai ya ɗebi aya. Wanda ya kuskure, ajin gaba ɗaya ya ɗauka: "A ba shi mai ya sha!"

Na ga ranar da ya kwashe ayar ya bar uku a faranti, ya miƙa wa wani lebura da bai ci abincin rana ba. Ya ce masa, "In ka ce a few, godiya kake yi, ka samu 'yar kaɗan. In ka ce few, ƙorafi kake yi, ba ta kai ko'ina ba. Wanne ne a ranka?" Mutumin ya ce, "Wallahi Malam, na biyun." Aka fashe da dariya, Malam ya juye masa sauran ayar a hula. Na karanta littattafan nahawu da dama bayan haka, ban ga wanda ya fayyace wannan bambanci a taƙaice kamar yadda ya yi ba.

Malam, ka koya mana fiye da Turanci da waɗannan kalmomi. Kakan zo da jarida ka karanta inda aka ce mafi yawan mutanen Kano sun ce kaza, ka sauke tabarau ka tambaye mu, wa ya ƙirga su? Ranar da na samu aiki, abu ɗaya ka gaya mini: "Bello, kalmar duka tsada gare ta. Kada ka saye ta sai kana da kuɗinta." Da wannan ma'auni nake rubutu yau. Ba zan ce duk 'yan siyasa ba. Ba zan ce mafi yawansu ba. Mutum ɗaya nake nufi.

Kafin in zo gare shi, bari in faɗi na Lawan. Direban hayis ne daga Darmanawa, ya samu kiran ganawa a wani kamfani da ke neman direba mai jin Turanci, ga shi ba shi da halin ajiye mota ya zo aji. Sai Malam ya ɗauki farantinsa ya shiga gaban motar. Mako guda yana zaune kusa da Lawan, ana lodi ana saukewa, yana jefa masa tambaya tsakanin tasha da tasha, har fasinjoji suka fara amsawa daga baya. Lawan ya samu aikin. Irin wannan mutum ne aka kora daga ɗakin da ya gina.

Alhaji Tanko ya zo ajin yana ɗan kamasho a tasha. A benci na gaba yake zama, gefen taga. Ba wanda ya kai shi shan mai, har sai da abin ya zame masa suna, amma Malam bai gaji da shi ba. Shekara uku yana fama da shi, har ya iya ciniki da Turanci, ya shiga dillancin motoci, ya yi arziki. Da sojoji suka ce za su miƙa mulki, Tanko ya fito neman kujera. A ƙarshen 1998 ya zo gidan Malam, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya roƙi aron ajin don taron magoya baya, har a gama zaɓe.

Malam Filibus yana wurin. Shi ne abokin koyarwar Malam, ɗan Kudancin Kaduna, maƙwabcinsa kuma na shekara da shekaru. Ya ja Malam gefe ya ce a kira shaidu, ko a je gaban mai unguwa. Malam ya yi dariya ya ce, "Haba Filibus, uba zai ba ɗansa aron tabarma, sai an tara jama'a?" Ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa. Kuskurensa ke nan, kuma kuskure ne na masu kunya. A wurinmu, neman shaida a kan ɗalibinka daidai yake da kiransa ɓarawo, Malam kuwa ya gwammace a cuce shi da ya faɗi haka.

Tanko ya ci zaɓe. Makulli bai dawo ba. Aka shafa wa ɗakin fentin jam'iyya, aka fito da bencina aka jibge a waje, 'yan bangarsa suka mayar da wurin majalisa. Malam ya yi ta zarya zuwa gidansa, kullum a ce Honarabul yana taro. Ranar da ya dace da shi, ta tagar mota Tanko ya yi masa magana, injin yana aiki. Ya ce, "Malam, yanzu lokacin siyasa ne, ba lokacin a-ba-ca-da ba. Ka yi haƙuri, za a duba maka wani wuri." Da kunnensa Malam Filibus ya ji.

Aji ya koma gindin darbejiyar da ke kallon ɗakin. Damina biyu suka yi a nan. A watan Yuni na bana ruwa ya same su ana tsakiyar darasi, wasu daga cikin ɗaliban kuma jarrabawa ta matso musu, Malam ya ƙi sallamar su. Ya lulluɓe allo da babbar rigarsa, shi ya tsaya haka nan. Daga ranar tari ya kama shi.

A nan zan auna maganata. Ban ce Tanko ya kashe shi ba. Ajali na Allah ne, kuma ba ya jiran ruwan sama. Abin da na ce shi ne, dattijo mai kusan shekara saba'in ya tsaya cikin ruwa yana koyarwa, ga rufin da ya ɗora da hannunsa yana kallo, ƙarƙashin rufin kuma ba komai sai fastocin siyasa da ƙartin da ke karta. Wannan ba zargi ba ne. Jama'ar layin sun gani.

Da jinya ta yi tsanani, labari ya kai wa Tanko. Ya san abin da kowane Musulmi ya sani, cewa haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Sai ya aiko direbansa da buhun shinkafa da saƙon a yafi juna. Ina zaune a ɗakin. Malam ya sa aka tayar da shi zaune, ya ce wa direban, "Ɗana, kai ba ka yi mini komai ba. Ka gaya masa da ƙafarsa ya zo ya karɓi makulli, da ƙafarsa zai zo ya mayar. Da rana, gaban ɗalibai. In ya yi haka, na yafe. In bai yi ba, na bar shi da Allah." Shinkafa ta koma cikin mota. Tanko bai zo ba.

Ya zo ranar sadakar uku. Motoci huɗu, da mai ɗaukar bidiyo. Ya zauna a tabarmar gaba, aka yi addu'a aka shafa, sai ya gyara murya ya ce Malam ubansa ne, kuma ya gode wa Allah da suka yafi juna kafin rasuwa. Mutane suka sunkuyar da kai. Mu maza da muka san gaskiya, kunyar wurin ta ɗaure mana baki.

Sai murya ta fito daga bayan ƙofar zaure. Inna Talatu ce, tana cikin takaba, matar da maƙwabta suka shekara talatin ba su ji ta ɗaga harshe ba. Ba ta fito ba, ba ta kuma yi ihu ba. Ta ce, "Tanko, ni ce Talatu. Ni na riƙe kansa har ya cika. Bai yafe maka ba. Kai mai hoto, ka ɗauki wannan ma."

Wani dattijo ya ce, "Inna, a yi haƙuri." Ta ce, "Na yi. Ƙarya ce ba zan bari a shimfiɗa a kan tabarmarsa ba." Tanko ya tashi yana laluben takalmi, ya shiga mota da ƙafa ɗaya a sanye.

Washegarin sadakar bakwai, kafintocin layin, waɗanda rabinsu ɗalibansa ne, suka gyara bencinan da ruwa ya ci. Lawan ya kwaso su da mota. Ba gindin darbejiya aka mayar da su ba. A bakin ƙofar ɗakin aka jera su, ta yadda ba mai shiga ko fita sai ya ratsa ta tsakiyar aji. Malam Filibus ya tsaya da farantin aya da kwalbar mai, Zahra'u, babbar 'yar marigayi, tana riƙe da alli. Tsofaffin ɗalibai suka taho daga Unguwar Gano da Babban Giji, har da masu furfura, suna amsa darasin da suka haddace tun da daɗewa. Ba a zagi kowa ba, ba a taɓa ƙofar ba. 'Yan banga suka zo suka ga iyayen gidansu da kawunnansu a kan benci, suka juya. Tun ranar ba a sake yin taro a ɗakin ba.

Ranar Alhamis da ta wuce direban Tanko ya dawo, wannan karon da makulli a cikin ambulan. An shiga da shi wurin Inna Talatu. Wasu sun ce a karɓa, tunda abin da ake nema ke nan, ga damina ba ta ƙare ba. Ta ce a mayar. Ta ce, "Mai abin ya faɗi yadda za a kawo shi. Ni ban isa in rage masa ba."

Ina tare da ita, ɗalibai ma sun zaɓi ruwan sama. Alhaji Tanko, ka ji daga gare ni: yafiyar da kake nema an binne ta a Tarauni ranar Litinin, ba ta hannun Inna, ba ta hannunmu. Wannan shari'a ta koma gaban Alƙalin da ba a aika masa direba. Abin da ya rage maka a duniya shi ne makullin, kuma ka san sharaɗi. Muna nan kullum bayan la'asar. A benci na gaba, ta gefen taga, mun bar wurinka ba kowa. Muddin wurin nan yana nan ba kowa, sunanka zai ci gaba da fitowa a wannan shafi, har zaɓe na gaba, har bayansa.

Malam, ka huta. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ruwan da ya dake ka ya zama wankan zunubanka. Allah ya ba ka ladan kowace kalma da ka sa a bakin talaka ya ci abinci da ita, ya ba ka inuwa ranar da babu inuwa sai taSa. Ga Inna Talatu, da Zahra'u da ƙannenta, da Malam Filibus, da duk wanda ya taɓa cin ayar farantin nan, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Wanda ka bari da Allah kuwa, mu ma a can muka bar shi. Allah ya isar maka.