Labbo da Wanda Ya Huda Masa Rufewa

In ka bi ƙauyukan da ke tsakanin Zurmi da Kaura Namoda, ka ga rufewa, rumbun ƙasan nan mai ƙaton ciki da ɗan baki can sama, zaune daram bisa duwatsu, to ko dai Labbo ya gina ta, ko wanda ya koya a hannunsa. Yayana ne, ni Iyatu nake bi masa. Mutum ne gajere, mai faffaɗan tafin hannu, ga shi maganarsa sai an roƙa. Ni kuwa Allah ya ba ni bakin mu biyu.

Shekarar da shari'a ta fara aiki a Zamfara, damina ta yi tsakiya, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Sai Labbo ya lura geronsa yana raguwa, alhali tsanin hawa rufewar a ɗakinsa yake ajiye shi. A wajenmu maigida kaɗai ke shiga rufewa. Ko ɗan cikinsa ba ya taka tsanin nan sai da izini. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi tsakanin duwatsun, ya daɗe bai ɗago ba. Maƙwabta suka yi kwanto, suka kama Maiwada, wani magidanci daga bayan kasuwa, da ɗan buhu a hannu. Kafin Labbo ya buɗe baki an kai shi gaban alƙali.

Alƙali ya bincika, ya tarar gidan Maiwada tukunya ta kwana biyu ba ta hau murhu ba. Ya ce yunwa ta kawar da haddi, amma horo yana nan: gidan yari. Ni dai na ce madalla, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya!

A lokacin an ce gwamnati ta ware wani tallafi: duk mai sana'ar da ya yarda ya riƙe mai ƙaramin laifi ya koya masa aiki a madadin ɗauri, za a ba shi jaki da kayan aiki, da abincin ciyar da mutumin. Sharaɗin shi ne a ga aiki yana tafiya. In ba a gani ba, tallafi ya tsaya, mai laifi ya wuce gidan yari. A garinmu ba wanda ya ko ɗaga kai. Wa zai jawo wa kansa?

Sai ga Labbo ya miƙe a kotu. "Allah ya gafarta Malam, a ba ni shi."

Da muka dawo gida na tare shi a zaure. "Yaya, kanka ɗaya kuwa? Kura za ka ba ajiyar nama?"

Ya ja ni gindin rufewa ya ce in leƙa. Na leƙa. Ramin da Maiwada ya huda ɗan ƙarami ne, bai tsaga bango ko kaɗan ba, kuma duk ɗiban da ya yi sai ya kwaɓa laka da ciyawa ya liƙe shi sumul.

"Kin gani?" in ji Labbo. "Yana jin yunwa, amma ya tsaya ya toshe don kada ɓera da gara su gama mini da saura. Wanga magini na, bai dai sani ba."

Wallahi haka ne. Mu duka ɓarawo muka gani, shi hannu ya gani.

Abincin tallafin ko cikin gidanmu bai shigo ba. Labbo ya sa aka wuce da shi wajen Kulsumu, matar Maiwada. Shi kuma Maiwada kullum yana bayan jaki yana ɗebo jar ƙasa, yana koyon kwaɓi da ɗora gini zagaye bayan zagaye, a bari ya sha iska a ƙara.

Rani ya shigo, lokacin gina rufewa ke nan, sai aiki ya ɗauke ƙaf. Mutanen da a da suke aiko wa Labbo tun daga Shinkafi suka yi tsit. Wani ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: "Baba Labbo, wanda ya san inda ake hudawa shi zai gina mini? Ina!" Malam Abdussalam, jami'in da ke zagayen duba masu tallafin, ya zo daga Kaura a kan babur, ya ga ba gini ko ɗaya. Mutumin kirki ne, amma ya ce ba yadda zai yi: in ya dawo bai ga aiki ba, Maiwada zai tafi. A ranar nan Kulsumu ta zo ta zauna a tsakar gidanmu tana kuka.

Washegari Labbo ya kwashe geronsa ya zuba a ɗaki, ya ɗauki gatari ya rushe rufewarsa. Lafiyayyar rufewa, wadda shi da mahaifinmu suka gina! Na ɗora hannu a ka ina salati. Ya juya wajen Maiwada ya ce, "Gina mini wata. Kai kaɗai."

Shi ko laka bai taɓa ba. Ya shimfiɗa tabarma a inuwa yana kallo, duk mai wucewa kasuwa yana gani. Da gini ya bushe, aka mayar da gero ciki. Sannan Labbo ya shiga ɗaki ya fito da tsani, a gaban jama'a, ya ɗora wa Maiwada a kafaɗa ya ce, "Kai shi gidanka. In Hauwa na son hatsi, kai za ta aika wa." Hauwa matar Labbo ce. Maiwada ya durƙusa da tsanin a kafaɗa, ya kasa tashi.

Ranar da Malam Abdussalam ya dawo ina wajen. Ya zagaya sabuwar rufewa, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya tambaya ina Maiwada. Sai ga kai ya ɓullo daga bakin rufewa, fari fat da ƙurar gero, yana miƙo wa Hauwa ƙwarya. Labbo kuwa yana zaune ya ba su baya, yana gyaran igiyar jaki.

"Baba, wa ke duba abin da yake fitarwa?"

"Shi."

"To in ya ɗiba fa?"

"Da yunwa ma ya tausaya wa geron nan, Malam. Balle yau da yake cikin gininsa."

Malam Abdussalam ya cire hula ya shafa kai, ya ce, "Allahu Akbar." Ya tayar da babur ya koma Kaura shi kaɗai.

Labbo ya rasu da daɗewa. Rabin rufewoyin yankinmu yanzu ginin Maiwada ne. Bayan sadakar bakwai ta Labbo, Maiwada ya zo da tsanin zai mayar wa magada, yana hawaye. Babban ɗan Labbo ya dube ni, na ce, "Kai Maiwada, wanda ya ba ka ya ce ka dawo da shi?" Ya ce a'a. Na ce, "To ɗauki abinka, Hauwa na jiran hatsi."