Zare Mai Ƙulli Bakwai na Ammu Hamad

Bayan sallar asuba Ammu Hamad yake buɗe rumfarsa a unguwar Hayyin Ashir, a Alƙahira. Faɗinta bai fi tabarma biyu ba. Basilla, zare, gam, sai tarin takalman mutane. Yakan zauna a kujera 'yar tsugunno, ya miƙe ƙafar hagu saboda ciwon gwiwa, ya kama ɗinki. Matarsa, Inna Mahasin, ta sauko masa da shayi. Ba ya yawan magana kafin hantsi. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno, Hausarsa irin ta kakanni, da Larabci tsamo-tsamo a ciki. Ɗalibai na ce masa Ammu, wato baffa.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ya rufe rumfa, ya saɓi buhun ƙwallaye, ya nufi filin da ke bayan Hayyis Sabi'. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana horar da ƙungiyar ƙwallon ɗaliban Arewa masu karatu a Alƙahira. Ba wanda ya naɗa shi. Takalmin wani ya kai fili, ya tsaya kallo, wasan ya ba shi haushi, ya zauna.

Ƙungiyar tana da al'adarta. Tsofaffin ɗalibai su ne 'yan gaba, sababbin zuwa kuma baya. Girma ke raba lamba, ba ƙafa ba. A ƙarshen 2013 'yan baya huɗu suka gama karatu suka koma gida, aka cike gurbinsu da baƙi. Cikinsu akwai Ya'ƙub, ɗan Ƙaura Namoda, wata biyu a Masar. Bai iya Larabcin titi ba, ba shi da aboki. Daga ɗaki sai aji. Filin nan ne kaɗai inda yake jin Hausa da dariya.

Wasa uku, aka zura musu ƙwallo goma sha ɗaya. Duk aka ɗora masa. Harun, ɗan gaba mai shekarar ƙarshe, wanda ake ce wa Shehi, shi ya laƙaba masa suna Bawwab, mai gadin ƙofa.

"Kowa ya zo sai ka ce masa bismillah, shigo."

Aka yi dariya. Ya'ƙub bai yi ba.

Ranar Talata ya zo rumfa da takalmin da Ammu ya ara masa.

"Ammu, ga shi. Khalas, na daina."

Tsohon ya juya takalmin, ya latsa diddigen. Ya san inda yaron zai koma in ya bar fili: ɗaki, da bango huɗu. Ya taɓa ganin irinsa, har aka mayar da wani gida bai gama karatun ba.

"Ya buɗe a nan. Ka zo fili Juma'a ka karɓa."

"Na ce na daina, Ammu."

"Na ji. Ni maganar takalmi nake."

Juma'a Ya'ƙub ya zo, da silifas. Ammu bai ko dube shi ba. Ya kira Harun.

"Shehi, yau baya za ka tsaya, kai da mutanenka."

"Ni, Ammu? Shekarata biyar a filin nan."

"Tamam. Ka san hanya ke nan."

Ya tura sababbi gaba, ya ce su yi wasa irin na Shehi sak: ka samu ƙwallo, ka ruga kai kaɗai, ka buga daga nesa, in ta ƙwace ka riƙe ƙugu ka tsaya. Suka yi, har da ƙari. Minti ashirin Harun ya zube a ƙasa yana haki.

"Wai ƙwallon nan ba ta zama a can ne? Kafin in juya ta dawo."

"Haka kake aiko wa yaron nan ita," in ji Ammu. "Sati uku."

Ammu ya tara su. Ya ciro zaren ɗinki daga aljihu, ya ƙulla shi wuri bakwai.

"Ɗan baya ba ya numfashi sai ƙwallo tana ƙafarku. In kun riƙe ta, ya huta, ya gyara tsayuwa, ya duba wa ke bayansa. In kun zubar, shi ke biya da ƙirjinsa. Daga yau fasin bakwai kafin a nemi raga. Wanda ya zubar, shi zai fara bin ta. Yalla."

Ya miƙa wa Ya'ƙub takalmin, an ɗinke diddigen. Yaron ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tuɓe silifas.

Bayan sati biyu suka kara da ɗaliban Senegal, waɗanda suka ci su biyar a baya. Ni ba ɗalibi ba ne, ɗan kallo ne, kuma ina wurin. Wasan bai yi daɗin kallo ba. Fasin gefe, fasin baya, 'yan kallo na cewa ko shayi suke dafawa. Ammu na tsaye, yatsansa na bin ƙulli. A fasin na biyar hanya ta buɗe wa Harun. Da can ne da ya buga. Ya waiga, ya hangi Ya'ƙub dafe da gwiwa yana neman iska, sai ya taka ƙwallon ya mayar tsakiya.

Bayan hutu yaran Ammu suka ci ɗaya. Dab da tashi Harun ya manta, ya nemi yanke mutum biyu, aka ƙwace, aka farke ta gefen Ya'ƙub. Yaron ya sunkuyar da kai yana jiran sunan nan. Harun ya taho tun daga gaba, ya ɗaga hannu kowa na gani.

"Ma'alish, yi haƙuri, Malam Ya'ƙub. Wannan tawa ce. Ni na zubar."

Ɗaya da ɗaya aka tashi. Ba kofi, ba hoto. Amma daga ranar ba a ƙara cewa Bawwab ba, kuma Ya'ƙub bai ƙara fashin Juma'a ba.

Bana, 2015, gwiwa ta ci ƙarfin Ammu. Bayan Babbar Sallah shi da Inna Mahasin za su koma Mai Wurno.

Ammu Hamad, mai basilla, kai ne ka ga abin da masu karatu suka kasa gani. Kowa na duban inda ƙwallo ta shiga, kai ka duba inda ta fito. Ba ka yi wa mai rauni tsawa ba, masu ƙarfi ka ɗora wa nauyinsa. Kai ne ka ɗinke takalman ƙungiya guda kyauta shekara da shekaru, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Inna Mahasin ce ta faɗa, tana mita.

Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya kai ku gida lafiya. Duk wanda yake gaba a wani wuri, a fili ne, a aji ne, ko a gida, ya riƙa waigawa ya ga wa ke haki a bayansa.

Ya'ƙub ne kyaftin yanzu. Satin jiya sababbi uku suka sauka daga Sakkwato, wani ya ce a tura su baya kamar yadda aka saba. Ya'ƙub ya kwance zaren nan mai ƙulli bakwai daga wuyan hannunsa, ya kira 'yan gaba tukuna.